Yadda Ejan Zai Zagaya Otal-otal na Bakin Teku a Zanzibar Kafin Ya Tura Kowa

Yawancin kamfanonin shirya tafiye-tafiye na Bauchi da Gombe da aikin Hajji da Umara suka ginu, kuma a wannan fannin ba a koya musu. Ejan zai faɗa maka tazarar masauki daga Harami, ya faɗa maka ko akwai hawa a hanyar, saboda ya taka wurin da ƙafarsa. Amma da zarar Alhaji ya ce yana so ya kai iyali hutu bakin teku, ko ango ya zo neman inda zai kai amarya, sai a buɗe waya a shiga tura hotunan da otal ya ɗauki kansa. Wannan cinikin biri a sama ne. Taurarin da ake liƙa wa otal a Zanzibar an auna su ne da bukatun baƙin Turai, kuma tambayoyin da mutanenmu suke yi ba su cikin wannan ma'auni. Ba mai amsa su sai ejan da ya je ya duba, kuma shi ma sai ya san abin da zai duba da lokacin da zai duba shi.

Takardu, kafin a yi maganar tikiti

Zanzibar yanki ne na Tanzaniya mai gwamnatinsa tun haɗewar 1964, kuma tsibirin da ake nufi idan an ce za a je hutu shi ne Unguja, babban cikin biyun. Ɗayan shi ne Pemba. Biza ta Tanzaniya ce. Fasfon Najeriya yana cikin waɗanda sai hukumar shige da fice ta duba ta amince kafin mutum ya taso, don haka kada ka dogara da cewa za a buga maka a filin jirgi. Ka cike ta intanet kamar wata biyu kafin tafiya, da fasfo mai sauran aƙalla wata shida, kuma kada ka biya tikitin da ba a mayar da kuɗinsa sai amincewa ta fito. Wannan tafiyar taka ita ce gwajin farko: rubuta ranar da ka cike da ranar da aka amsa, domin da wannan za ka riƙa yi wa kwastoma alkawari.

Katin rigakafin cutar shawara dole ne ga wanda ya fito daga Najeriya, kuma allurar ba ta fara aiki a hukumance sai bayan kwana 10. Tun 1 ga Oktoban 2024 kuma, duk baƙon da zai shiga Zanzibar sai ya sayi inshorar kamfanin inshora na gwamnatin tsibirin, dala 44 ga babba, ko da yana da wata inshorar daga gida. Ana saya ta intanet, a buga takardar a riƙe. Abu na ƙarshe da ake yawan mantawa shi ne leda: Tanzaniya ta haramta jakar leda tun Yunin 2019. Mu kuwa komai a leda muke ƙullewa, daga takalmi har yaji. A zuba yaji a roba mai murfi.

Daga Gombe ko Bauchi sai an fara isa Abuja ko Kano. Ethiopian Airlines yana bi ta Addis Ababa, Qatar Airways ta Doha, Kenya Airways kuma daga Legas ta Nairobi. Abu biyu za ka lura da su. Na ɗaya, tikitin cikin gida daban yake da na waje, idan jirgin Gombe zuwa Abuja ya makara ba ruwan kamfanin waje, don haka a kwana a Abuja. Na biyu, ka tabbata tikitin ya ce ZNZ, wato filin jirgin Abeid Amani Karume, ba DAR ba. Wanda ya sauka Dar es Salaam yana da sauran tafiyar jirgin ruwa ta kusan awa biyu, kuma jiragen ba sa tashi da dare. Agogonsu yana gaban namu da awa biyu. Soket ɗinsu irin namu ne mai baki uku.

Lokacin zuwa

Ruwan sama mai yawa, wanda suke kira masika, yana sauka daga Maris zuwa Mayu, ya fi ƙarfi a Afrilu. A lokacin farashi yana faɗuwa, wasu otal-otal ma rufewa suke su yi gyara. Akwai ɗan gajeren ruwa a Nuwamba zuwa Disamba. Daga Yuni zuwa Oktoba rani ne mai sanyi-sanyi da iskar kudu, daga Disamba zuwa Fabrairu kuma zafi.

Ga inda abin ya shafe mu. A 'yan shekarun nan Ƙaramar Sallah cikin Maris take faɗowa, Babbar Sallah kuma ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, kuma kowace shekara suna ja baya da kwana 10 ko 11. Ke nan hutun Sallah, lokacin da mutanenmu suka fi son fita, yana karo da damina. Dogon hutun makaranta na Agusta kuwa ya haɗu da hutun Turawa, lokacin da ɗaki yake tsada kuma yake wuyar samu. Manajojin otal sun fi sakin fuska su ba ejan ɗaki kyauta ko da rangwame a lokacin da babu baƙi, kuma ba laifi ka ci wannan moriyar. Sai dai ka sani otal ɗin da ka gani babu kowa ba shi ne wanda kwastomanka zai tarar a Agusta ba. Farkon Yuni ko Oktoba ya fi: akwai baƙi daidai gwargwado, kuma manaja yana da lokacinka.

Teku ce za ta tsara maka zagayen

Wannan ne wurin da ejan da bai taɓa zuwa ba yake faɗawa rami. Wanda ruwan wankan da ya sani shi ne Wikki a Yankari ya saba da ruwan da yake nan inda yake, safe da yamma. Teku ba haka take ba. Sau biyu take cikowa a yini da dare, sau biyu take janyewa, tsakanin cika da janyewa kamar awa shida, kuma kullum lokacin yana ƙara jinkiri da kusan minti 50. Ƙarfin abin yana bin wata: a tsayuwar wata da daren 14 zuwa 15 ruwa ya fi cika kuma ya fi janyewa, a kusa da 7 da 22 ga wata kuma bambancin kaɗan ne. Kalandar Musulunci da ke rataye a ofishinka ta isa ta nuna maka wane mako ne wane.

A gabashin tsibirin, wato Matemwe, Kiwengwa, Pongwe, Bwejuu, Paje da Jambiani, ƙasan teku shimfiɗaɗɗe ne har zuwa inda duwatsun murjani suka yi shinge. Idan ruwa ya janye yakan yi nisan ɗaruruwan mita, a wasu wuraren ya wuce kilomita. Abin da zai rage a gaban otal shi ne jiƙaƙƙen yashi, duwatsu, ciyawar teku, da gonakin ciyawar da matan ƙauyukan Paje da Jambiani suke nomawa da turaku da igiya. Hoton da otal ya sa a shafinsa kuwa an ɗauke shi lokacin da ruwa ya cika. Ango da ya biya miliyoyi ya buɗe taga da hantsi bai ga teku ba, kai zai kira.

A arewa, Nungwi da Kendwa, gaɓar tana da zurfi kusa, saboda haka ana iya shiga ruwa kusan kowane lokaci, musamman Kendwa. Nan ne kuma ake ganin faɗuwar rana a kan teku, gabas kuwa fitowarta ake gani. Amma arewa ita ce mai cunkoso, mai kiɗa, kuma a Kendwa akan yi casun dare idan wata ya cika. Paje cike take da masu wasan da iska ke jan su da lema a kan ruwa, matasa ne galibi. Kiwengwa da kewayenta akwai manyan otal-otal da suka fi karɓar ayarin Italiyawa. Matemwe da Pongwe da Michamvi sun fi shiru.

Ba wai gabas ba ta sayuwa ba ne. Ga iyali masu ƙananan yara waɗanda ba su iya iyo ba, ruwa marar zurfi da yashi mai faɗi ya fi musu kwanciyar hankali. Sharaɗin dai a faɗa musu tun a Gombe. Don haka ka sauke jadawalin cikowa da janyewar teku na kwanakin da za ka yi, ana samunsa kyauta a intanet kuma otal-otal suna liƙa shi a wurin karɓar baƙi. Duk otal na gabas da kake son sayarwa, ka tsaya a gabansa lokacin da ruwa ya gama janyewa, ka ɗauki hoto da bidiyo da wayarka, ka sake ɗauka idan ya cika. Hotunan nan biyu su za ka riƙa nuna wa kwastoma tare.

Unguja bai kai kilomita 90 a tsawo ba, amma kada taswira ta ruɗe ka. Daga birnin Zanzibar zuwa Nungwi kusan awa ɗaya da rabi ne, zuwa Paje awa ɗaya da 'yan mintuna, daga Nungwi zuwa Paje kuwa ka ware awa biyu ko fiye. Kwana shida ya isa zagayen farko: dare ɗaya a tsohon birni, wato Stone Town, biyu a arewa, ɗaya a arewa maso gabas, biyu a kudu maso gabas. Otal huɗu a yini, biyar idan suna jere, kowanne minti 45 zuwa awa ɗaya. Wanda ya yi takwas a yini, da dare ba zai iya tuna wane banɗaki ne na wane otal ba. Kada ka tuƙa da kanka: hannun hagu suke bi, kuma sai da takardar izini ta musamman. Ɗauki direba ta hannun kamfanin yawon buɗe ido na can mai lasisi, ka tambaya ko yana cikin ƙungiyarsu ta ZATO. Wannan kamfanin shi zai riƙa tarbar mutanenka daga baya, saboda haka shi ma jarrabawa yake ɗauka: ya zo kan lokaci, motar tana da sanyi, direban yana jin Turanci? Idan ana sa lokaci da direba, a rubuta a waya da lambobi, domin a Swahili ana fara ƙirga awa daga ƙarfe shida na safe, abin da ya kira awa ta biyu shi ne ƙarfe takwas.

A cikin otal

Rubuta wa manajan tallace-tallace makonni uku kafin zuwa, da sunan kamfaninka, lambar rajistar CAC, da shaidar NANTA (ƙungiyar kamfanonin shirya tafiye-tafiye ta Najeriya) ko IATA (ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya) idan kana da ita. Ranar ziyara za a kai ka ɗakin da ya fi kowanne kyau. Ka yaba, sannan ka ce a nuna maka mafi araha, da kuma wanda ya fi nisa da teku, domin su mutanenka za su fi saya. Ka nemi a bambanta maka ɗaki mai fuskantar teku kai tsaye, da wanda ake hango teku daga gefe, da mai kallon lambu. Kuɗinsu ba ɗaya ba ne, kuma rikici da yawa daga nan yake tasowa.

A ɗaki, kunna na'urar sanyaya ɗaki ka bar ta tana aiki har ka gama dubawa. Buɗe kabad ka shinshina: warin danshi alama ce ta ɗakin da damina take ci. Ɗaga gidan sauro ka duba huji. Buɗe famfon wanka ka jira ruwan zafi, ka ɗanɗana na sanyi a harshe, saboda rijiyoyin bakin teku sukan yi gishiri. Tambayi kwalba nawa na ruwan sha ake bayarwa kyauta a rana. Gwada intanet a cikin ɗakin, ba a wurin karɓar baƙi ba. Wutar Unguja ta wayar ƙarƙashin teku take zuwa daga babban yankin ƙasar, kuma daga Disamban 2009 zuwa Maris 2010 tsibirin ya yi kusan wata uku a duhu da layin ya lalace. Saboda haka tambayar ba ita ce ko akwai janareta ba, kowa zai ce akwai. Tambayar ita ce ko yana ɗaukar na'urorin sanyaya ɗakuna, ko fitilu da kicin kawai. Yawancin rufin wuraren nan na ganyen kwakwa ne, yana da kyau a ido amma wuta ba ta yi masa da wasa, don haka ka duba tukwanen kashe gobara da ranar da aka sabunta su.

Sai banɗaki. Akwai abin tsarki na fesawa ko babu? Idan babu, ka rubuta, ka gaya wa kwastoma ya sa ƙaramar buta a jaka. Wasu otal-otal na masu amarci suna gina banɗaki ba ƙofa, ko da bangon gilashi, ko wurin wanka a fili ba rufi. Ga ango da amarya wataƙila ba damuwa, ga uwa da 'ya'yanta matsala ce.

Ka tafi da manhajar alƙibla a waya. Zanzibar tana kusan daidai kudu da Makka, don haka alƙibla arewa take, ba gabas ba kamar yadda muka saba. Mutumin da ya ga fitowar rana a kan teku ya fuskance ta ya kabbara ya kauce sosai. Mafi yawan mutanen tsibirin Musulmi ne, 'yan mazhabar Shafi'iyya, kuma da wuya ka rasa masallaci a ƙauyen da ke bayan otal. Ka taka zuwa can ka ƙirga mintuna, ka tambaya ko ana Juma'a a cikinsa, da kuma ko otal yana ba da dadduma.

Sirri, wanda shi ne ainihin abin da ake saya

Idan otal ya rubuta cewa yana da gaɓarsa ta kansa, abin da yake nufi shi ne wurin da ya jera gadajen kishingiɗa. Yashin da ke bakin ruwa hanyar kowa ce. Masu tallar yawon kwale-kwale, masu sayar da zane da duwatsun wuya, masu kitso da lalle, duk suna wucewa, kuma baƙin Turai suna kwance da shigar wankansu. Ka zauna a gaɓar minti 15 ba tare da manaja ba, ka ƙirga mutum nawa suka zo maka da talla. Ka duba ko akwai mai gadi da ke tsayar da su a iyaka.

Ga Hajiyar da ba za ta shiga ruwa a gaban maza ba, mafita ita ce gida mai wurin iyo nasa. Amma kada ka yarda da suna. Shiga ka tsaya a bakin ruwan, ka ɗaga kai ka juya ko'ina: ana hangowa daga benen maƙwabta? Katangar ta kai tsayin mutum, ko shuke-shuke ne masu huji? Masu shara da masu lambu suna ƙwanƙwasawa kafin su shigo? Sannan ka tambaya ko an yarda mace ta shiga babban wurin iyo da rigar wanka mai rufe jiki duka, kuma a ba ka amsar a rubuce, domin abin da manaja ya faɗa da baki ba lallai mai gadin wurin ya sani ba. A wurin tausa, a tabbatar mace ce take yi wa mace. Ka lura ko akwai karnuka a harabar. Ka auna nisan ɗakuna da mashaya da dandalin kiɗa, kuma wannan ba a gane shi da rana. Shi ya sa dole ka kwana a aƙalla otal uku daga cikin waɗanda kake niyyar sayarwa, ka fito tsakar gida ƙarfe 11 na dare ka saurara.

Girman iyali ma abin tambaya ne. Ɗakunan an tsara su ne don mutum biyu da yaro ɗaya ko biyu. Magidanci mai mata biyu da yara bakwai da mai raino yana bukatar ɗakuna masu ƙofa a tsakani ko gida sukutum. Tambayi nawa ne irin waɗannan ɗakunan, kuma ko ana tabbatar da su tun lokacin biya ko sai an ga hali ranar zuwa. Galibi ɗan ƙasa da shekara biyu kyauta ne, daga nan zuwa 11 rabin kuɗi, daga 12 kuma babba ne, amma kowane otal da dokarsa. Wasu ba sa karɓar yara sam.

Abinci

A takardar farashi za ka ga haruffa. BB kwana da karin kumallo ne, HB an ƙara abincin dare, FB abinci uku, AI kuma komai a ciki har da abin sha. Kaso mai kauri na kuɗin AI na giya ne, wanda kwastomanka ba zai taɓa ba. Nemi farashin komai a ciki ban da giya, wasu suna da shi amma ba sa tallarsa. Idan babu, FB ya fi. Ga otal ɗin da ke keɓe, inda babu gidan abinci a kusa, kada ka sayar da BB don farashi ya yi kyau a ido, kuɗin abincin rana da na dare za su zo su fi ƙarfin aljihun mutum.

Ka nemi ganin babban mai dafa abinci, ba ma'aikacin tebur ba. Daga ina nama yake zuwa? Ana dafa naman alade, kuma idan ana yi, kaskonsa da cokalinsa daban ne? Wace miya ko kayan zaƙi ake sa wa giya, kuma ana rubutawa a gabansu? Ka ci abincin dare a wurin ko sau ɗaya. Mutanenmu da yawa ba sa sha'awar ƙaguwa da jatan lande da sauran halittun teku waɗanda otal yake alfahari da su. Abin da zai riƙe su shi ne shinkafar pilau da biryani, gasasshen kifi, kaza, tsiren da suke kira mishkaki, da tuwon masararsu, ugali. Otal ɗin da ya karkata ga Italiyawa zai iya yin kwana biyar yana jera taliya da cuku, dattijo daga Azare kuwa a kwana na biyu zai fara tambayar ranar komawa.

Fita yawo

Gwada waɗanda za ka sa a kunshin tafiya. Tsohon birni, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, yana cin rabin yini da ƙafa a lunguna, a gama da kasuwar abinci ta dare a Forodhani. Gonakin kayan ƙamshi, inda ake ganin kanumfari da kirfa a jikin itacensu, citta kuma a ƙasa, su ne abin da mata suka fi jin daɗi, a bar musu wuri a akwati. Akwai dajin Jozani mai jajayen birai, da tsibirin Changuu mai manyan kunkuru, da tsohon masallacin Kizimkazi a kudu mai rubutun da ke ɗauke da shekarar 1107 Miladiyya. A cikin gari da ƙauyuka ana son shigar mutunci, wannan kuwa ba matsalar mutanenmu ba ce.

Duk abin da ya haɗa da kwale-kwale, ƙirga rigunan kariya daga nutsewa da idonka, ka nemi na yara, ka duba ko akwai rumfa da tsani. Ka ɗauka cewa babu wanda ya iya iyo a cikin mutanenka. Daga Yuni zuwa Agusta iska takan tayar da teku, a fita da sassafe. Wanda zai taka cikin ruwa lokacin janyewa ya sa takalmin roba, saboda akwai wata baƙar halitta mai dogayen ƙayoyi a tsakanin duwatsu, ƙayar tana karyewa cikin tafin ƙafa. Tambayi kowane otal asibitin da yake kai baƙi da nisansa.

Lissafi

Otal zai ba ka ɗaya daga biyu: ko kamasho a kan farashin da kowa ke gani, wanda kashi 10 cikin ɗari ne aka fi ji, ko farashin 'yan kasuwa wanda kai za ka ɗora ribarka. Kafin ka yi murna, buɗe shafukan kama ɗaki na intanet ka duba kwanakin nan. Idan abin da aka ba ka ya fi na can tsada, kwastoma zai gano cikin minti biyu. A yarjejeniya ka nemi ranakun da kowane farashi yake aiki, kwana nawa kafin zuwa ake biya, me ake mayarwa idan an fasa, da ƙarin kuɗin ƙarshen Disamba, wanda sau da yawa yake zuwa da liyafar dare ta dole ko mutum zai halarta ko ba zai halarta ba. Ka roƙi a rubuta abin da zai faru idan biza ba ta fito ba: a mayar da kuɗi, ko a ɗaga rana ba tara. Ga mai fasfon Najeriya wannan layin ya fi rangwame muhimmanci.

Akwai kuma harajin gwamnati da ake karɓa a kan kowane baƙo kowane dare, 'yan daloli gwargwadon darajar otal, kuma sau da yawa ba ya cikin farashin da aka ba ka, sai ranar fita a miƙa wa baƙo takarda. Ga misali da lambobin ƙirƙira, ban da na inshora: mutum biyu, dare biyar, ɗaki dala 180, ya kama 900. Haraji dala 5 sau biyu sau biyar, 50. Inshora 88. Mota daga filin jirgi da komawa, 120. Fita yawo biyu, 140. Jimla 1,298, ban da biza da tikiti. Kamashonka a kan ɗakin 90 ne, ke nan mantuwa da kuɗin mota kaɗai ta cinye shi har da ciko daga aljihunka.

Tun da aka saki naira a Yunin 2023, farashin da aka faɗa da naira yau ba lallai ya kai jibi ba. Rubuta farashi da dala, ka sa kwatankwacinsa da naira da ranar da zai daina aiki, awa 48 ya isa, kuma da zarar kwastoma ya biya ka sayi dalar a ranar. Wanda zai riƙe tsabar dala ya nemi sababbin bugu marasa yagewa, domin ana ƙin karɓar tsofaffi, ya kuma canza wani abu zuwa shilin na Tanzaniya don kasuwa da ƙananan sayayya.

Kowane dare kafin ka kwanta, cike takarda guda ga kowane otal da ka gani a ranar: suna, gaɓa, yanayin ruwa da ƙarfe nawa ka gan shi, lambar ɗakunan da ka shiga, wanda ya dace da shi da wanda bai dace ba. Hoton farko a kowane wuri ya zama na allon sunan otal, don sauran hotunan su bi bayansa a waya. Daga otal 20 da ka zagaya, biyar ko shida za ka riƙe: ɗaya ko biyu na amarci, biyu na iyali, ɗaya mai sauƙin kuɗi, ɗaya a tsohon birni na daren farko ko na ƙarshe. A kowannensu ka karɓi lambar WhatsApp ta manajan da ke kwana a bakin aiki, ba ta ofishin tallace-tallace kaɗai ba, domin ofishin yana tashi da yamma, jirgin mutanenka kuwa yana iya sauka ƙarfe biyu na dare.